Motar Baba da Ranar Arfa

Na ji abin da kuke faɗa, kada ku ɗauka ban ji ba. Ran nan da muka taru cin abinci a gidan 'yata Maryam, ina kicin na jiyo ɗaya daga cikinku yana ba baƙuwa labari, wai kakarsu ta taɓa fasa aikin Hajji saboda wata tsohuwar mota. Aka kwashe da dariya. Ban fito na ce komai ba, don ba a gyara irin wannan maganar a tsaye da ludayi a hannu, amma ta tsaya min a rai. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku yadda abin ya faru, da Hausar nan da rabinku sai an fassara musu, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba. Na fasa Hajji a shekarar, wannan gaskiya ne. Motar ma kun san ta, ga ta can ƙarƙashin bene an lulluɓe ta. Abin da ba ku sani ba shi ne labarin mutumin da ya zauna a kujerar gefena ranar.

Mahaifina, wanda duk unguwar Jarwal ta sani da Usta Isyaku, wato gwanin makaniki, a nan Makka aka haife shi. Iyayensa ne suka taso daga ƙasar Kano suka zo Hajji, Allah ya zaunar da su. Yana saurayi ya tafi Jidda ya koyi kanikanci, har ya samu aiki a wurin wani Bature ɗan Ingila da yake da wata 'yar ƙaramar mota koriya shar, mai kujera biyu, ba ta da rufi sai tamfol da ake ja a naɗe. Motar nan rigimammiya ce, ba wanda take jin maganarsa sai Baba. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya miƙa masa makulli ya ce ya riƙe, don in ya bar wa wani kashe ta zai yi. Baba ya tuƙo ta zuwa Makka. Har ya tsufa yana tsokana, wai mai ita bai taɓa ganin Makka ba, ita kuwa ga ta ta zama 'yar gari. A cikinta ya ɗauko mahaifiyarmu, Inna Rabi, ranar tarewa, abin da tsofaffin unguwa suka yi shekaru suna tsegumi a kai, don ina aka taɓa ganin ango ya je ya ɗauko amaryarsa da kansa, kai a buɗe kuma kowa yana kallo? Gidanmu yana can ƙarshen wani lungu da ya hau dutse, lungun da in motar ta shiga, sararin da ke saura hagu da dama bai wuce tafin hannu ba. A tsakar gida take kwana, gefen randar ruwa.

Da Inna ta rasu, Baba ya dawo daga maƙabartar Mu'alla, ya ja tamfol ya rufe motar, bai sake tayar da ita ba. Daga baya ciwon suga ya cinye masa ido. Ni kuma da mahaifin su Maryam ya rasu, kuma na bar aikin koyarwa, sai na tattaro na dawo Jarwal don in kula da shi. Haka muka zauna shekaru, ni da Baba da mota da kyanwoyin da suke haihuwa a ƙarƙashinta. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

A watan Rajab na shekarar da nake ba ku labari aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidajen layinmu. Za a rushe, za a yi manyan gine-gine na alhazai. Ba a zalunce mu ba, an sanar da mu da wuri, an kuma ce muna da lokaci har bayan Hajji. Ƙanena Hamza, kawun iyayenku, wanda yake tuƙa manyan motocin alhazai, ya samo mana gida a unguwar Kudai kusa da nasa, mai na'urar sanyi da lif da komai. Maƙwabta suka fara ɗaure kaya. Baba ya ce shi ba inda za shi.

"Baba, gidan nan fa rushe shi za a yi, ko muna ciki ko ba ma ciki," in ji Hamza.

"Motar fa?"

"Motar jan mota ba za ta shigo lungun nan ba. Sai dai mu sa yara su tura ta zuwa titi, a ɗora ta a kai ta inda ake sayar da tsofaffin ƙarafa."

Baba ya juyo da fuskarsa inda muryar Hamza take. 

"Da ƙafarta ta shigo gidan nan, da ƙafarta za ta fita, ina ciki. Ba wanda zai tura ta, ni ma ba wanda zai ɗauke ni kamar buhun shinkafa. Halas."

Wanda ya san Baba ya san in ya ce halas, to an rufe magana. Hamza yaron kirki ne, sai dai gaggawa. Washegari ya zo da sabon batir a kafaɗa, yana cewa in dai tashin mota ne matsalar, yau za a gama. Bai ko tsaya gaida Baba ba ya ɗaura shi yadda ake ɗaura wa kowace mota a duniya. Ashe ita wannan irin ta dā ce, a juye ake haɗa mata, wayar da kowa yake kai wa jikin mota ita ba ita take so ba. Ina wanke-wanke na ji ƙauri. Baba yana daga ɗaki ya rigaye mu ji, ya fito yana lalube yana ihu.

"Cire! Cire, Hamza! Ka ƙona min ita!"

Hayaƙi baƙi yana fitowa ta ƙarƙashin sitiyari. Hamza ya fizge wayar, ya tsaya yana huci, kunya da haushi sun haɗu masa. Ban ga laifinsa ba, mutumin da ya yi shekara da shekaru a bakin mota, kowa ne haka zai haɗa. Amma da na raka shi ƙofa sai ya faɗa min maganar da ta hana ni sukuni.

"Yaya, ƙarfe ne wannan, ƙarfen ma ya mutu. Ni na gama. In an sauko daga Hajji zan zo da mutum huɗu da kujera, mu ɗauke shi ko yana so ko ba ya so. Ba zan bari katafila ta same shi a ciki ba."

Na san zai aikata, kuma na san don ƙauna zai aikata. Amma na san mahaifina. In aka fito da Usta Isyaku a kan kujera yana ihu, ta gaban mutanen da suka san shi yana jin ƙarfinsa, to gawarsa za a kai Kudai, ko da yana numfashi. Ba motar ce ta dame ni ba, wallahi a lokacin ko kallonta ba na son yi. Abin da nake so shi ne mahaifina ya bar gidansa da mutuncinsa. Da na koma ciki na tarar da shi tsugune gefen motar yana shafa ƙofarta. Na ce masa, Baba, ni ban san komai ba a kan mota, amma ina da ido da hannu, in za ka ara.

"Ke? Ke da ko kwan fitila sai kin kira Hamza?"

"Ni ɗin. Akwai wani ne?"

Ya yi dariya, karo na farko tun da aka shafa fentin nan. Ya ce in shiga ɗakin Inna, in duba ƙarƙashin gado, akwai wani ƙunshi. Na jawo shi da ƙyar. Sifanoni ne, an naɗe su a tsohon zanen Inna mai ruwan goro. Ya ce in ajiye duk wata sifana da Hamza ya bari, ba ɗaya da za ta kama notin motar nan, don Turawan da suka ƙera ta da nasu ma'aunin suka yi aiki, ba irin na kowa ba. Na ce tabɗi, ashe taurin kan ba a wurinka kaɗai ta koya ba.

Haka muka fara. Kullum in mun karya, kafin rana ta shigo tsakar gida, in shimfiɗa masa darduma kusa da taya, in ɗaure ɗankwali tamau, in sa tsohuwar rigar Hamza. Yana faɗa ina yi. Duk abin da na kwance sai na sa masa a hannu, ya shafa, ya sansana, wani lokaci har ya ɗan taɓa da harshe, sannan ya ce a wanke ko a jefar. Muka zubar da tsohon man da ya koma kamar madarar kwalta, muka cire tanki muka wanke, muka bi wayoyin da suka ƙone ɗaya bayan ɗaya, ni ina faɗa masa launi shi yana faɗa min inda kowace ta dosa. Abin da ba a samu a Makka ba, Maryam ce take nemowa ta waya daga Ingila, ya iso a ɗan kwali. Faɗa kuwa mun sha shi. In na ɗaure noti da ƙarfi ya ce zan kashe ta, in na sassauta ya ce wasa nake. Wata rana na yi jifa da sifana na shige ɗaki na yi kukana, na ce ni da na koyar da 'ya'yan mutane shekara da shekaru yau ni ake yi wa tsawa kamar 'yar aji ɗaya. Can sai na ji shi a bakin ƙofa yana cewa, Uwata, yi haƙuri, haka nake yi wa duk yaron da na ga zai iya. Na fito. Azumi ya zo ya same mu a haka, farcena duk sun yi baƙi, matan unguwa in mun haɗu a masallaci sai su riƙa satar kallon hannuna.

Bayan ƙaramar Sallah motar ta tashi. Da na murɗa makulli shiru, sai Baba ya ce in zagaya baya in ɗan ƙwanƙwasa famfon fetur da sifana, wai barci yake, tun yana saurayi haka yake tashinsa. Na ƙwanƙwasa, na ji ya fara tik-tik-tik. Na sake murɗawa, ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Kyanwoyi suka watse. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida kamar mahaukaciya. Amma murnar ba ta daɗe ba, don jijjiga take kamar mai zazzaɓi, in na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu.

Baba ya ce kafireta ce, wato inda ake haɗa wa inji fetur da iska. Motar nan kafireta biyu gare ta, suna jere kamar tagwaye, kowace tana ciyar da rabin inji, kuma dole su shaƙi iska daidai da juna, in ɗaya ta fi ɗaya ja to ba zaman lafiya. Yadda ake daidaita su kuwa da kunne ne. Ana samun guntun tiyo, a sa baki ɗaya a bakin kafireta, ɗayan a kunne, a saurari yadda take shaƙa, a koma ta biyun a saurara, a yi ta juya ɗan sukuru har sautin ya zama ɗaya. Baba ya ce wannan aikinsa ne, a Jidda ba wanda ya kai shi, kuma ba ya buƙatar ido. Na ga yadda fuskarsa ta washe. Watanni yana zaune yana ba da umarni, yau ga aikin da zai yi da kansa. Na yanko masa tiyon ban ruwa, na kama hannunsa na kai shi bakin kafireta ta gaba, na tayar da inji na riƙe. Ya sa a kunnen dama. Ya mayar hagu. Ya sake mayarwa dama, ya danna har na ji tsoron zai ji wa kansa ciwo. Sannan ya sauke tiyon a hankali ya ce in kashe.

"Ba na ji, Uwata. Rugugin ina jin sa sama-sama, amma shaƙar ba na jin ta."

Ya lallaba ya shige ɗaki. Ranar bai ci abinci ba, washegari ma shayi kawai ya kurɓa. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba. Ido ya tafi ya haƙura, Inna ta tafi ya haƙura, amma wannan kunnen shi ne abin da ya rage masa na Usta, kuma a gabana ya gane ya tafi. Da na kai masa abinci sai ya ce in kira Hamza ya zo da kujerarsa, ba sai an jira bayan Hajji ba.

Raina ya ɓaci, kuma na gode wa Allah da ya ɓaci. Na ajiye tiren da ƙarfi na ce masa ban ɓata hannuna na wata huɗu don ya zo ya ce min a kira Hamza ba. Na ara maka ido, na ara maka hannu, kunnen ne zan hana ka? Tashi mu je ka faɗa min abin da zan saurara. Ya ce ba abu ne da ake faɗa ba. Na ce gwada. Can ya ce, kin san in kin kunna murhun gas biyu, ba ki duba ba kina iya sanin wanne ya fi wuta? Na ce wannan ai ko ina barci. Ya ce to shi ne.

Na sa tiyo a kunne. Da farko hayaniya kawai nake ji. Na rufe ido na yi kamar ina kicin, sai ga shi kuwa, siririn sauti, ta gaba tana shaƙa da ƙarfi, ta baya tana ja a kasalance. Na faɗa masa. Ya ce in juya sukurun ta baya kaɗan, kamar faɗin farce. Shi kuma ya ɗora tafin hannunsa a kan jikin motar, ya ce in ci gaba, zai ji ta hannu. Ina juyawa ina saurara, yana cewa ƙara, ƙara, kin wuce, dawo. A nan ne hannuna ya goga da bututun hayaƙi, tabon da kuke tambayata a kai, kuma ko waiwayarsa ban yi ba. Can sai sautin nan biyu suka zama ɗaya a kunnena, a daidai lokacin kuma Baba ya ce tsaya. Na ɗaga hannu daga totur. Ba ta mutu ba. Tana ta gurnani a hankali, ko kofin shayi aka ɗora a kanta ba zai zube ba. Baba bai ɗauke hannunsa ba, hawaye yana bin gemunsa.

Saura matsala ɗaya, ita ce ta kai ni ga fasa Hajji. Motar nan don ƙasar sanyi aka ƙera ta. Mun wanke lagireto, mun sa sabon fanbel, amma in ta tsaya wuri ɗaya tana aiki, ba a jimawa ruwanta zai tafasa. Sai tana tafiya iska tana dukanta take samun lafiya. Ku kuwa kun san Jarwal a watan Zulƙida, motocin alhazai bakin juna, mutane kamar an zubo su, ba dare ba rana, kuma haka za a yi ta yi har lokacin da aka ba mu ya cika. In muka fito da ita cikin wannan cunkoson, ko ƙarshen titi ba za mu kai ba za ta ƙone, a ƙarshe a tura ta, a ɗauki Baba a gaban jama'a. Baba ne ya faɗi abin da duk ɗan Makka ya sani. Rana ɗaya ce tak a shekara da titunan garin nan suke zama fayau, ranar Arfa, in kowa ya fita.

Ranar kuwa Hamza yana bakin aiki, yana jigilar alhazai, ba direban da ake ba hutu. Duk wani namiji mai ƙarfi da muka sani yana can, ko yana Hajji ko yana neman abinci. Ni kuma a shekarar ne izinina na Hajji ya fito, bayan na yi shekaru ina jira, mun shirya da ƙawayena za mu tafi tare. Na sauke farali tun ina da ƙuruciya, amma wannan na ci masa buri, ina so in tsaya a Arfa in yi wa mijina da Inna addu'a. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi kuka. Baba bai roƙe ni ba, ko sau ɗaya. Cewa ma ya yi in tafi, Allah zai kawo wata hanya. Na dube shi na ga ba wata hanya. Na kira ƙawayena na ce su tafi, su sa ni a addu'a. Ɗaya ta ce, Hauwa, kan mota? Na ce eh, kan mota, don ba ni da ƙarfin yin bayani.

Tuƙi na iya, Maryam ta matsa min na koya lokacin da aka halatta wa mata tuƙi a ƙasar nan, amma a motar zamani da ba ruwanta da kuloci. Sauran kwanakin a tsakar gida muka cinye su, in yi gaba kaɗan in yi baya kaɗan tsakanin randa da bango, Baba yana gefe yana cewa a hankali, Uwata, ƙafa ce ba taɓarya ba. Randar dai ba ta tsira ba. Hamza da ya ce ya gama, shi ne ya zo da sababbin tayoyi ya ɗaura bai ce wa kowa uffan ba, ya kuma bi maganar takardun motar. Kayanmu ma shi ya kwashe ya kai Kudai, ya bar mana katifa biyu da butar shayi.

Ranar Arfa na tashi da azumi. Da gari ya waye Baba ya yi wanka, ya sa farar riga da hular da ya daɗe bai sa ba, ya ce in fesa masa turare. Ya bi ɗakunan gidan yana shafa bango, ban bi shi ba. Sannan ya fito da kansa, ya lalubi ƙofar motar, ya buɗe ya zauna, ya ce in naɗe tamfol. Na ƙwanƙwasa famfo, na yi bisimilla, ta tashi bugu ɗaya. Lungun nan na sauko shi gumi yana bin bayana, bango na nan bango na nan, Baba yana cewa dama kaɗan, akwai dutse a ƙofar gidan su wane, shi da ya yi shekaru bai ga lungun ba. Muka fito titi. Wayyo, Makka kamar an share ta. Ba kowa sai tantabaru da 'yan matan unguwa da tsofaffi, suna tafiya Masallacin Harami a ƙafa kamar yadda matan garin nan suka saba a wannan ranar. Da suka gan mu suka tsaya. Wata tsohuwa da ta san Inna ta ɗaga hannu ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama. Baba ya gyara zama ya ɗaga musu hannu.

Ya ce in bi ta Mu'alla. Na tsaya a gefen katanga, ban kashe inji ba, idona yana kan allurar zafi. Ya juya fuskarsa wajen maƙabartar ya yi sallama, ya yi addu'a, sannan ya yi magana da muryar da yake yi wa Inna magana in suna su biyu.

"Rabi, mun tashi daga Jarwal. A motar da na kawo ki na fita, 'yarki ce take ja. Allah ya kai haske kabarinki."

Na sa giya da ƙyar don hawaye ya hana ni gani sosai. Muka miƙe hanyar Kudai, iska tana dukanmu, allura ta sauko ta zauna. Da muka shiga ramin da aka huda cikin dutse, sai ƙarar injin ta cika wurin, tana dukan bango tana dawowa. Baba ya damƙe hannuna.

"Ina jin ta! Uwata, ina jin ta! Ƙara mata wuta!"

Na ƙara. Tsoho ɗan shekara tamanin da wani abu yana dariya kamar yaro, hularsa ta tashi ta faɗa baya, ni ina kuka ina dariya ina riƙe da sitiyari. Da muka fito ya ce kafireta ta baya tana ɗan ja, amma ba laifi, aikin ɗan koyo ne. Na ce Allah ya shirye ka, Baba.

A Kudai ya sauka da kansa. Ya ƙi lif, ya ce in nuna masa matakala, ya hau yana riƙe da ƙarfe har ƙofar sabon gidan, ya yi sallama ya shiga. Da azahar Hamza ya kira daga Arfa, hayaniyar alhazai a bayansa. Bai ko yi sallama ba.

"Yaya, ya fita?"

"Ya fita. Da ƙafarsa."

Na ji ƙaton mutum yana kuka a waya, yana cewa alhamdu lillahi, yana maimaitawa.

Bayan la'asar ina zaune a sabon falo cikin kwalaye, ina kallon alhazai a talabijin sun ɗaga hannuwa a Arfa, zuciyata ta karye. Na ɗauka Baba barci yake. Sai na ji ya kira ni, ya ce in juya shi ya fuskanci alƙibla. Ya nemi hannuna, ya shafa tabon ƙunar, ya shafa farcen da suka farfashe.

"Kin bar tsayuwarki saboda ni. To zauna nan. Ni zan roƙa miki."

Ya ɗaga hannu. Tun daga lokacin har aka kira magariba bai sauke ba, sai in ya gaji in tallafa masa gwiwar hannu. Ya yi wa mijina, ya yi wa Inna, ya yi wa Hamza, ya bi 'ya'yana da suna ɗaya bayan ɗaya, har ku da ba a haifa ba a lokacin sai da ya sa a addu'ar. Ni kuwa abin da ya roƙa min ba zan rubuta ba, nawa ne. Da aka kira sallah shi ya sa min dabino a baki.

Ya yi shekara biyu a Kudai, lafiya lau, yana tsokanar maƙwabta. Duk Juma'a da safe mukan sauka, in ɗiga wa kafireta mai, in tayar, shi ya ɗora hannu. Na samu Hajjin daga baya, na tsaya a Arfa, na gode wa Allah. Na gode wa Hamza da tayoyinsa, da Maryam da kwalayenta, har da Baturen nan da ban taɓa gani ba. Tiyon yana nan a rataye bayan ƙofar ɗakina, duk wanda yake so ya koya ya zo in nuna masa tun kunnena yana ji. In kuma za ku sake ba baƙi labarin kakarku da ta fasa Hajji saboda mota, ku ba su, ba na hana ku dariya. Amma ku haɗa da cewa mahaifinta ya bar gidansa a zaune a kujerar gaba, da hularsa a kai, ba wanda ya ɗauke shi.